Ƙwallon da Hilary Knight ta ci a Milan: sa'a ce ko gwaninta?

Tambayar da wata baiwar Allah ta aiko ita ce: "Na ga ɗan bidiyon wasan ƙarshe na ƙwallon gorar ƙanƙara na mata a gasar Olamfik ta 2026, inda wata 'yar Amurka mai suna Hilary Knight ta farke wa ƙasarta ana dab da tashi. Ana ta zuzuta ta, wai ba a taɓa yin kamarta ba. Ni kuwa abin da na gani, wata ce ta bugo, ƙwallon ta taɓa sandarta ta shige. Kuma na ji sau uku ana doke su a wasan ƙarshe. Shin da gaske gwana ce, ko dai cika bakin Amurkawa ne?"

Ƙanwata, kin yi tambaya mai kyau, kuma idonki bai yi miki ƙarya ba: wata ce ta bugo, ita kuma ta taɓa. Sai dai wannan taɓawar ita ce sana'ar da matar nan ta shekara kusan ashirin tana ci da ita. Na daɗe ina bin wasan nan, na kuma yi shekaru ina taimaka wa mai horar da ƙananan 'yan mata a garin da nake zaune, kuma ban san wani abu da ya fi wuyar koyarwa a cikinsa kamar abin da kika kira taɓawa ba.

Bari mu fara da filin, don ki gane inda take tsayawa. Ana buga wasan ne a kan daskararriyar ƙanƙara mai tsawon mita 60 ko kusa da haka, kowane ɓangare mutum shida: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Takalmansu da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, da shi suke sulu. Abin da muke kira ƙwallo a nan ba zagayayye ba ne kamar na ƙafa, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, bai fi tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 170, kuma daskarar da shi ake yi kafin wasa. Ragar ƙarama ce, faɗinta mita 1.83, tsayinta mita 1.22, ga gola sanye da sulke ya kusa cike ta. Wasan zango uku ne, kowanne minti 20. Ba wanda ke iya yin gudun nan na dogon lokaci, shi ya sa 'yan wasa ke shiga su yi daƙiƙa arba'in zuwa hamsin su fito, wasu su shiga, ba tare da an tsayar da wasa ba.

To a irin wannan matakin, golar da ta ga ƙwallo tun daga nesa za ta kama ta, komai ƙarfin bugun. Hanya biyu ce tak ake cin ƙwararriyar gola daga nesa: ko a tare mata gani, ko a canza wa ƙwallon hanya a daƙiƙar ƙarshe bayan ta riga ta durƙusa. Dukkansu kuwa sai wata ta yarda ta je ta tsaya a bakin raga, ta ba gola baya, ta fuskanci faifan da ke tahowa da gudun da ya kai na mota a babban titi, alhali 'yar bayan abokan hamayya na dannar ta da sanda a gadon baya, tana ɗage mata sandarta. Yaran da muke koya wa, da zarar an ɗaga sanda za a bugo, sai ka ga sun runtse ido sun noƙe kafaɗa. Akan ɗauki watanni kafin yarinya ta iya barin idonta a buɗe kawai. Sa bakin sanda ya sami faifan a iska, ya karkatar da shi ƙasa ko gefe da gangan, wannan kuma aikin shekaru ne. Knight tana da tsayin santimita 180, doguwa ce ƙwarai a cikin matan da ke wasan, ga ƙarfin ƙugu da ƙafa, idan ta kafe a wurin nan tumɓuke ta sai an shirya. Ga shi kuma bugunta na dama yana fita da sauri, ba ta ɓata lokaci wajen gyara ƙwallo.

An haife ta ranar 12 ga Yuli, 1989, a Palo Alto ta jihar Kaliforniya, amma a kusa da birnin Shikago ta tashi, a nan ta fara wasan tana ƙarama, galibi cikin ƙungiyoyin yara maza, domin na mata ba su da yawa a lokacin. Tana 'yar shekara takwas aka fara saka wasan mata a gasar Olamfik, a Nagano ta Japan a 1998, Amurka kuma ta ɗauki zinare ƙarƙashin kyaftin Cammi Granato, wadda ita ma 'yar yankin Shikago ce. Lamba 21 da kika gani a bayan rigar Knight lambar Granato ce, don girmama ta take sakawa. Tana da shekara 17 ta fara buga wa babbar tawagar ƙasar gasar cin kofin duniya, a 2007.

A shekarar ta shiga Jami'ar Wisconsin. A Amurka jami'o'i ne makarantar horar da 'yan wasa mata, saboda wata doka ta 1972 da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Kocinta a can Mark Johnson ne, ɗaya daga cikin samarin da suka doke Tarayyar Sobiyet a Olamfik ta 1980. Ta ci ƙwallo 45 a kakarta ta biyu, ta ci 47 a kakar 2010 zuwa 2011, suka ɗauki kofin jami'o'i a 2009 da 2011. Ta bar makarantar a 2012 da ƙwallaye 143, adadin da ba namiji ko mace da ya taɓa ci wa jami'ar. Abin mamaki, kyautar gwarzuwar 'yar wasan jami'o'i ba ta taɓa zuwa hannunta ba. Sau uku ana kai kyautar ɗakin da take canza kaya, ana ba abokan wasanta: Jessie Vetter a 2009, Meghan Duggan a 2011, Brianna Decker a 2012. Har yau ina ganin an tauye ta a ɗaya daga cikin shekarun nan.

Yanzu mu zo kan kayen da kika ji labari. Gaskiya ne, sau uku ne: 2010, 2014, 2022, duka a hannun Kanada. Na Vancouver a 2010 ba wani dogon zance, Kanada ta ci 2 da nema a gidanta, wata yarinya 'yar shekara 18 mai suna Marie-Philip Poulin ta ci duka biyun. Ki riƙe sunan nan. Knight a lokacin ita ce ƙarama a tawagar Amurka.

Na Sochi ta Rasha a 2014 shi ne tabon. Amurka na gaba da ci 2 da nema, saura ƙasa da minti huɗu a tashi. Kanada ta farke ɗaya. Sai Kanada ta cire golarta ta saka ƙarin 'yar gaba, wanda dabara ce da ake yi idan lokaci ya ƙure, raga ta zama fayau. Kelli Stack ta Amurka ta sami ƙwallon daga can ɓangarensu ta cillo ta, faifan ya yi ta tafiya a kan ƙanƙara shi kaɗai, kowa na kallo, ya je ya daki ƙarfen raga ya tsaya a waje. Da ya matsa da faɗin yatsu biyu, da an gama. Saura daƙiƙa 55 Poulin ta farke. A ƙarin lokaci, Hayley Wickenheiser ta Kanada ta ɓalle ita kaɗai ta nufi raga, Knight ta bi ta a guje daga baya, Wickenheiser ta faɗi, alƙaliyar wasa ta kora Knight bencin hukunci na minti biyu. Knight ta ce ba ta taɓa ta ba, kuma har gobe ana musu a kan hukuncin. Na kalli wurin ya fi a ƙirga, abin da nake gani shi ne ƙafafu ne suka sarƙe. Ko ma mene ne, tana zaune a bencin nan, ta bayan gilashi, ta ga Poulin ta zura ta uku. Ki yi tunanin 'yar shekara 24 da za ta kwana da wannan hoton shekara huɗu.

Abin da bidiyon ba zai nuna miki ba shi ne inda take komawa bayan an kashe fitilun Olamfik. Takwarorinta maza suna komawa NHL, babbar gasar ƙwararrun maza ta Amurka da Kanada, inda mafi ƙarancin albashi dubban ɗaruruwan daloli ne. Ita kuwa Boston Blades ta koma, a wata gasa ta Kanada mai suna CWHL wadda a lokacin ba ta biyan albashi ko sisi. Ta ɗauki kofi da su a 2013 da 2015, ta zama 'yar Amurka ta farko da aka zaɓa gwarzuwar gasar, amma abokan wasanta da yawa sai sun tashi daga wurin aiki da yamma suke zuwa atisaye cikin dare, lokacin da filin ƙanƙara ya fi arha. A 2015 aka kafa wata gasar a Amurka, NWHL, wadda ta fara biya. Ta koma Boston Pride, ta fi kowa maki a kakar farko, wato ƙwallayen da mutum ya ci haɗe da waɗanda ya bayar aka ci, suka ɗauki kofi a 2016. Ba a yi nisa a kaka ta biyu ba aka zaftare albashin kusan rabi. CWHL kuma ta rushe gaba ɗaya a 2019, tana buga wa ƙungiyar Montreal a lokacin. Duk wanda zai auna Knight ya saka wannan a ma'auni: shekarun da ɗan wasa ke kan ganiyarsa, daga 23 zuwa 33, ta yi su ne ba tare da tsayayyiyar gasa a ƙarƙashinta ba. Ita ke nema wa kanta wurin atisaye da masu ɗaukar nauyi.

Wannan ne ya kai ga abin da ya faru a watan Maris na 2017, wanda a wurina ya fi kowace lambar yabo da ta rataya nauyi. Hukumar wasan ta Amurka tana ba 'yan tawagar mata dala 1,000 a wata, na wata shida kacal kafin Olamfik, sauran shekara uku da rabi kuwa kusan ba komai, alhali ana sa ran su ci gaba da atisaye su kuma ciyo kofin duniya. Bayan fiye da shekara guda ana tattaunawa ba a cimma komai ba, ranar 15 ga Maris 'yan wasan, da kyaftin Meghan Duggan a gaba, Knight na cikin manyan bakunansu, suka sanar cewa ba za su buga gasar cin kofin duniya ba. Gasar kuwa a gidansu za a yi ta, a Plymouth ta jihar Michigan, saura mako biyu. Hukumar ta shiga neman waɗanda za su maye gurbinsu, ta bi 'yan jami'a, har 'yan sakandare. Yaran suka yi ta cewa a'a, ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa rigar ƙasa ce ake miƙa musu, abin da suka taso suna mafarki. Ranar 28 ga wata hukumar ta sauko, aka sa hannu a yarjejeniyar shekara huɗu mai albashi na duk shekara da tafiye-tafiye da inshora irin na maza. Kwana uku bayan nan aka fara gasa.

Sun shiga ba tare da cikakken sansanin horo ba, kuma sun san idan suka faɗi za a ce surutu suka iya. Suka kai wasan ƙarshe da Kanada, aka tashi 2 da 2, aka shiga ƙarin lokaci. Knight ta sa jiki ta tare wani bugu a ɓangarensu, ƙwallon ta fita, Kendall Coyne ta ja ta a guje, ta ajiye wa Knight da ke biye, ita kuma ta ɗirka ta a raga. Ki nemi wannan bidiyon, domin babu taɓawa a cikinsa, ita ta fara harin da jikinta, ita ta ƙare shi da bugu. Ba shi ne karon farko ba ma, a 2011 a Zurich ita ta ci ƙwallon ƙarin lokaci da ta ba su kofin duniya a kan Kanada ɗin dai.

Zinaren Olamfik ya zo a 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, bayan shekara 20 Amurka na jira. Knight ce ta buɗe wasan ƙarshen, saura daƙiƙu a ƙare zangon farko, kuma da irin taɓawar nan ce: Sidney Morin ta bugo, ita ta karkatar. An tashi 2 da 2, aka je bugun raba gardama. Don adalci sai in faɗa miki cewa golar Kanada ta tare nata bugun. Jocelyne Lamoureux ce ta ci wa Amurka na shida da wata yaudara da ta kwantar da gola, sannan golar Amurka Maddie Rooney 'yar shekara 20 ta tare na ƙarshe. A Beijin a 2022 Kanada ta rama da 3 da 2, Poulin ta sake cin biyu, Knight ta ci ɗaya alhali ƙungiyarta na da ƙarancin mutum ɗaya a fili.

Idan lissafi kike so, a gasar cin kofin duniya yake. Ta ɗauki zinare sau goma: 2008, 2009, 2011, 2013, 2015, 2016, 2017, 2019, 2023 da 2025. A 2021 ta wuce Granato, gwanarta ta yarinta, a yawan ƙwallaye. A 2022 ta wuce Wickenheiser a yawan maki. A 2023, a garin Brampton na Kanada, tana kyaftin, ta ci uku rigis a wasan ƙarshe, biyu daga ciki a mintunan ƙarshe da tazarar daƙiƙa 27, suka ci 6 da 3, ta zama ta farko da ta haura maki 100 a tarihin gasar. A shekarar hukumar wasan ta duniya ta ƙirƙiro kyautar gwarzuwar shekara, ita aka fara ba.

Amma kada lissafin ya ruɗe ki, akwai abin da ya kamata ki sani. Wasan mata har yanzu na ƙasashe biyu ne. Tun da aka fara gasar duniya a 1990, ba ƙasar da ta taɓa ɗaukar kofin sai Kanada ko Amurka. Finland ta kusa a 2019 a gidanta, har sun fara murnar ƙwallon ƙarin lokaci aka duba bidiyo aka soke ta, Amurka ta ci a bugun raba gardama, kuma ni ina cikin masu ganin an yi wa Finland ɗin tsauri. Saboda haka wani kaso na ƙwallayen Knight a kan ƙasashen da ba su kai su ƙarfi ba ta ci su. Shi ya sa ni ba adadin nake dubawa ba, wasannin Kanada nake ƙirgawa, kuma a nan ne sunanta ke ta fitowa: 2011, 2017, 2018, 2022, 2023, 2026.

Shin ita ce wadda ba a taɓa yin kamarta ba? A cikin 'yan Amurka, ba ni da shakka. A duniya kuwa, ba zan ce haka kai tsaye ba. Wickenheiser na da zinaren Olamfik huɗu. Poulin na da uku, ta ci ƙwallo a wasan ƙarshen Olamfik huɗu a jere, kuma ta fi Knight iya rarraba ƙwallo da aikin tsakiya. Idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya da zan gina ƙungiya a kanta, Poulin zan ɗauka. Idan aka ce saura minti biyu ana bin mu ɗaya, wa zan tura bakin raga, Knight ce, ba sai na yi shawara da kowa ba. Ba ta da gudun Kendall Coyne, kuma akwai wasannin da za ki daɗe ba ki ji sunanta ba. Masu sukarta sun sami abin faɗa a 2024, lokacin da a ƙarshe aka sami tsayayyiyar gasar ƙwararru, PWHL, wadda ita da abokanta suka shekara huɗu suna fafutukar kafawa. Aka ba ta kyaftin ɗin Boston, ta yi wasa 24 ta tashi da maki 11 kacal. Aka fara cewa ta tsufa, gasar ta zo mata a makare. Ni ma na ji tsoron haka. Kaka ta gaba, tana da shekara 35, ta tara maki 29, ba wadda ta fi ta a duk gasar, Sarah Fillier ce kawai ta yi daidai da ita. Duk da haka Boston ba ta saka ta cikin waɗanda ta hana a ɗauka ba lokacin da aka ƙara sababbin ƙungiyoyi a gasar, sai ta koma Seattle a 2025, aka ba ta kyaftin a can.

Da wannan tarihin ta isa Milan ta Italiya, tana da shekara 36, Olamfik ɗinta ta biyar, abin da ba wani ɗan ƙwallon gorar ƙanƙara na Amurka, namiji ko mace, da ya taɓa yi, kuma ta riga ta sanar cewa ita ce ta ƙarshe. Amurka ta lallasa Kanada 5 da nema a zagayen rukuni, kowa ya ɗauka an gama. Ranar 19 ga Fabrairu, 2026, a wasan ƙarshe, sai Kanada ta ci ɗaya ta rufe gida, aka yi ta bugu ba hanya, har saura minti biyu da 'yan daƙiƙu. Amurka ta cire golarta, irin abin da Kanada ta yi musu a Sochi.

Koma ki sake kallon bidiyon, amma a wannan karon ki ƙyale ƙwallon, ki sa ido a kan lamba 21 tun kafin a bugo. Za ki ga ta riga ta isa bakin raga ta ba gola baya, ta tsaya a kan layin da ke tsakanin idon golar da mai bugu. Mai bugun Laila Edwards ce, baƙar fata ta farko da ta buga wa tawagar matan Amurka a Olamfik, wadda ba ta fi shekara uku a duniya ba lokacin da Knight ta fara saka rigar ƙasa. Edwards ba ta ɗirka don ta ci da kanta ba, ta aiko ƙwallon ne ta inda sandar Knight za ta iya kaiwa, domin abu ne da suke maimaitawa a atisaye. Golar Kanada, Ann-Renée Desbiens, wadda ta hana su komai tsawon minti 57, ta shirya wa ƙwallon da ke zuwa ta hanya ɗaya, sai ta canza hanya a gabanta, a tazarar da hannu ba ya iya gyarawa. Ita ce ƙwallo ta 15 da Knight ta ci a Olamfik, wadda ta sa ta wuce duk wata 'yar Amurka. Minti huɗu da shiga ƙarin lokaci Megan Keller ta yanke 'yar bayan Kanada ta zura ta biyu, aka tashi 2 da 1.